Yadda Ake Shirin Saukar Baƙin Babbar Sallah a Gida

Gidan da ya ji kunya a gaban baƙin Sallah, in kika bincika, da wuya ki tarar abinci ne ya gaza. Ranar layya nama ko ta ina, ko na maƙwabta ya isa a fita kunya. Abin da ke kwance wa uwargida zani a kasuwa shi ne ruwa ya ƙare da hantsi ana tsakar wankin kayan ciki, ko layi ya taru a ƙofar banɗaki ana gab da tayar da idi, ko dare ya yi a rasa inda za a shimfiɗa wa ƙanin maigida. Waɗannan kuwa ba ranar Sallah ake gyara su ba. Ranar mai ruwa ya tafi garinsu, mai gyaran famfo ya kashe waya, injin markaɗe a garƙame.

Na rubuta wannan ne domin wadda bana ne karon farko da dangi za su yi Sallah a gidanta. A Kano nake, don haka kasuwannin da zan ambata na Kano ne. Kowa ta san madadinsu a garinsu.

Babbar Sallah tana da wani sauƙi da ƙarama ba ta da shi. Da zarar Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Zulhajji, kin san ranar idi, 10 ga wata, babu zaman jiran ko gobe ko jibi. Amma kada ki jira sanarwar. Tun tsakiyar Zulƙida ake fara shiri.

Kayan da za ki tanada

Na kwana: katifu da tabarmi, filo, zanin gado biyu ga kowace shimfiɗa, gidan sauro, mayafi marar nauyi, ledar shimfiɗa saboda yara masu fitsarin kwance, fanka mai caji, tocila a kowane ɗaki, da wayar jona caji mai baki da yawa. Wannan ta ƙarshe kada ki raina ta. Baƙon yanzu kafin ya nemi ruwan sha, wurin caji yake nema.

Na ruwa da tsafta: duro ko tanki, jarkoki, bokitai, butoci da yawa, sabulun wanka da na wanki, sabon soso, silifas na shiga banɗaki, fo na yara, tsintsiya, maganin wanke masai, da igiyar shanya ta biyu. Ki haɗa da darduma biyu ko uku da hijabi wankakke na ko-ta-kwana.

Na madafa: babbar tukunya, kaskon suya, matsami, kwando, baho, wuƙaƙe wasassu, kuloli, filas, farantai da kofuna, tire, tanda in za a yi waina, gas, gawayi da kurfoti ko itace.

Sai ɗan akwatin magani: farasitamol, hodar gishiri da sukari ta kemis, filasta, auduga. Sai tsabar kuɗi a hannu.

Ba duka ake saye ba. Katifa, babbar tukunya, kasko da duro aro ake yi, amma da wuri, don maƙwabciyar da kike sa rai ita ma wataƙila tana da baƙi, ko wata ta riga ki tambaya.

1. Ki san su wa za su zo, su nawa, yaushe

Wannan ne matakin da amare suka fi jin nauyinsa, don a al'adarmu ba a tambayar baƙo "ku nawa ne" ko "yaushe za ku tafi". Sai a ɗauka rowa ce. To ba haka ake tambaya ba. Ki sanya tambayar cikin hidima. Ki kira yayar maigida ki ce: "Yaya, ina son in san ranar da za ku taso ne, don a je tasha a ɗauko ku. Da yaran duka za ku zo ko? In gyara musu ɗaki." Ranar komawa kuma makaranta da aiki za su faɗa miki: "Yaushe yara za su koma makaranta? Ina fata dai za ku bari a gama suya." Daga amsar kin samu lissafinki.

Hajiya, wato mahaifiyar maigida, ba ke za ki tambaye ta ba. Ɗanta ne zai tambaya, ko ki bi ta wajen autarta. Ke naki gaisuwa ce da "Allah Ya kawo ku lafiya".

Ki rubuta a takarda: manya maza nawa, mata nawa, samari, 'yan mata, yara, jarirai. Sannan ki ƙara mutum biyu a kai, don ba a rasa wadda za ta zo da 'yar riƙo ko jikar da ta maƙale a mota. A nan ne kuma za ki binciko masu larura. Wa ke da hawan jini, wa ke da ciwon suga, wa gyambon ciki ya hana cin yaji, wa ke da asma. Mai asma turaren wutar da kika ƙawata ɗaki da shi, ko maganin sauro na hayaƙi, na iya kai shi asibiti a daren Sallah.

2. Ku zauna da maigida a kan kuɗi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba duk abin da ake da shi a kan rago da ɗinki, a manta cewa mutum goma za su ci sau uku a rana har kusan mako. Ki kai masa lissafi a rubuce, kashi-kashi: hatsi da mai, cefane, ruwa, gas da gawayi, man janareto, ladan mahauci, barka da Sallar yara, kuɗin motar waɗanda za a sallama. Abin da ya bayar ki tsara a kansa. In bai kai ba, a rage lemon kwalba da kaji, kada a taɓa kason ruwa da na makamashi.

A ciro tsabar kuɗi tun saura kwana huɗu ko biyar. Bankuna na rufewa a hutun Sallah, masu POS kan ƙara caji, taransifa kuma ta fi maƙalewa daidai lokacin da mahauci ke tsaye yana jiran haƙƙinsa. Ki nemi ƙananan kuɗi na yara tun da sauran lokaci.

3. Raba wurin kwana

Ki ɗauki takardar nan ki bi gidan ɗaki-ɗaki. Ƙa'idar da nake bi ita ce, tsoho ya fi kowa kusa da banɗaki, saurayi ya fi kowa kusa da ƙofar waje.

Hajiya ko duk wata dattijuwa ita ke da ɗaki mafi kyau, mai iska, wanda ba sai ta ratsa falo cike da mutane kafin ta kama ruwa ba. Tsofaffi na tashi cikin dare, kuma suruka ba za ta tsallake surukinta yana barci ba, gara ta matse har asuba. In ɗakin baƙi na nesa da banɗaki, ki bar mata naki ɗakin, ba faɗuwa ba ce. Wasu tsofaffin ba sa son gado mai tudu, katifa a ƙasa suka fi so. Ki tambayi 'yarta.

Mata da ƙananan yara ɗaki ɗaya. A jingine gado ko a fitar da kujeru, a jera katifu a ƙasa, ɗaki ya ɗauki ninkin abin da ya saba ɗauka. 'Yan mata tare da iyayensu mata. Yaran da suka kai shekara goma a raba maza da mata, kamar yadda addini ya koyar, ko da 'yan wa da ƙani ne.

Samari da ƙannen maigida kuwa, in akwai shago ko ɗakin zaure, can ne wurinsu. In babu, maigida ya yi magana da maƙwabci mai ɗakin samari tun da wuri, ko su kwana a falo bisa sharaɗin a naɗe shimfiɗa bayan sallar asuba. Dalilin ba ƙyama ba ne. Ke za ki wuni a bakin murhu cikin zafi, ba za ki iya yin kwana biyar cikin hijabi kina suya ba, su ma kuma a takure za su kasance.

Miji da mata da suka zo tare kada ki wahalar da kanki neman musu ɗaki na daban in gidan ba shi da yalwa. Kowa ya san a taron Sallah maza gefe, mata gefe.

Kada ki dogara da cewa wasu za su kwana a tsakar gida. Sallar 2024 ta faɗo ranar 16 ga Yuni, ta 2025 ranar 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya, wato tana ƙara shiga tsakiyar bazara. Zafi zai kori mutane waje, gaskiya ne, amma hadarin farkon damina da guguwa na iya tasowa ƙarfe biyun dare. Duk wanda aka shimfiɗa wa a waje, ya san inda zai ruga da tabarmarsa.

Saura mako guda a fitar da katifu da filo rana, a kakkaɓe, a duba ɗinkin gefe saboda kuɗin cizo, musamman katifar aro. A fesa maganin sauro kwana biyu kafin isowa, ba ranar ba. A buga ƙusa ko a ɗaura igiya inda za a rataye kayan Sallah, don shadda mai sitaci ba ta son jaka. Gwal, takardu da kuɗi ki kulle su wuri ɗaya ki riƙe makulli. Ba baƙinki kike zargi ba. Gidan Sallah shiga da fita ne, gara a kulle da a zo ana kallon-kallo tsakanin dangi.

4. Ruwa da banɗaki

In za ki tsallake wani mataki, kada ya zama wannan.

Ki lissafa aƙalla jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane mutum a rana, domin wanka, alwala da banɗaki. Madafa da wanke-wanke nasu daban. Ranar yanka kuma ki ware duro guda cur, don tumbi da hanji ba ƙaramin ruwa suke ci ba. Gida mai mutum goma sha biyu, kura ɗaya a rana ba za ta wadace shi ba.

'Yan ga-ruwa da yawa 'yan ci-rani ne, gida suke tafiya Sallah, waɗanda suka rage kuma farashi ya hau. Ki yi magana da wanda kika saba da shi tun saura mako: zai tafi ko yana nan? In zai tafi, ya cika miki komai ranar 8 ga wata, ya haɗa ki da wanda zai tsaya. Mai rijiyar burtsatse a gida kada ta saki jiki, don burtsatse sai da wuta. Duk sanda aka kawo wuta a makon nan, a fara cika tanki kafin a kunna komai. In babu duro, robobin fenti wankakku, randa, har babbar tukunyar da ba a fara amfani da ita ba, duk mazubi ne. A rufe su, kuma a kiyaye yara masu rarrafe daga bokiti da baho mai ruwa.

Ruwan sha ki ware shi. Ledar fiya wata guda 20 ce a ciki, kuma a zafin nan mutum uku ko huɗu sun shanye ta a wuni. Inda ba firji, sabuwar randa a inuwa ta fi ƙanƙarar da za ki yi ta aike nema.

Banɗaki a duba shi tun saura mako biyu. Masai da ya kusa cika a kira masu kwashewa yanzu, don wanda yake ɗaukar mutum huɗu lafiya lau yana iya tumbatsa da mutum goma sha biyar. A gyara sakata, a sa ƙwan fitila, a buɗe magudanar da ta toshe. In banɗaki ɗaya ne a gidan, ki kafa wurin wanka na wucin gadi a wani lungu da buhu ko zana ko tsohon langa-langa, inda ruwa zai samu hanyar fita. Yara da samari su yi wanka can. Alwala kuma a fitar da ita daga banɗaki gaba ɗaya: jera butoci a gindin rariya da ɗan benci, ki ba wani yaro aikin cika su.

5. Cefane hawa uku

Hawan farko, saura mako uku ko biyu, kayan da ba sa lalacewa: shinkafar dafawa da ta tuwo, fulawa, taliya, sukari, man gyaɗa, manja, madara, ganyen shayi, gishiri, dunƙule, sabulu. Waɗannan a Singa sun fi sauƙi in da yawa za ki saya. Gero, masara, wake da gyaɗa a Dawanau, in abin ya kai a je. In kwano biyu ne kasuwar unguwa ta isa, kuɗin mota zai cinye ribar. Robobi, bokitai da butoci a Kofar Wambai. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, citta, kanumfari, masoro, barkono da zoɓo duk yanzu ne. A daka yaji a zuba a kwalba, a kai niƙan masara da gero.

Awon shinkafa da nake yi: gwangwanin madara ɗaya ga babba a ci ɗaya, rabi ga yaro. Ranar Sallah da washegari ki ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, saboda masu shigowa gaisuwa da kwanon maƙwabta.

Hawa na biyu, saura kwana huɗu ko biyar: albasa, doya, dankali, ƙwai, kabewa, gas da gawayi. Ki cika silinda ko da kina ganin da saura. Suyar nama kuma kada ki ɗora ta a kan gas, rago ɗaya zai tashi da abin da ya kamata ya kai ki ƙarshen wata. Itace ko gawayi ne na suya.

Hawa na uku, ranar 8 ga wata da safe: tumatir, tattasai, attaruhu, alayyafo, kabeji, lemon tsami. A 'Yan Kaba in da hali. Kada ki bari sai jajibere, ranar kasuwa ba ta shiguwa, kuma mai kaya ya san ba ki da zaɓi. A wannan lokaci na shekara tumatir ɗanye tsada yake yi. In ya fi ƙarfinki, ki jiƙa kauɗa a ruwan zafi, ki wanke ta sosai saboda ƙasa, ki haɗa da tattasai da albasa mai yawa a markaɗa. Da ɗan tumatirin leda a kai, babu baƙon da zai gane.

Tela, mai kitso da mai lalle ba cefane ba ne, amma lokacinki suke ci. Ki gama da su kafin baƙi su iso. Uwargidan da ke zaune gidan kitso ranar jajibere ta bar gidanta ba mai tarba.

6. Wuta

A gwada janareto saura mako, a canza baƙin mai, a ajiye fetur nesa da murhu da hannun yara. Janareto a waje yake kwana, inda iska ke kaɗawa, nesa da tagar ɗakin da mutane ke barci. Ba a shigar da shi zaure ko lungun ɗaki don tsoron ɓarawo ko ruwan sama. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Marar janareto ta caje fanka da fitilu duk sanda wuta ta samu, ta ba ɗakin tsofaffi da na jarirai fifiko.

7. Abin da ake girkawa tun kafin su zo

Cincin, dubulan, alkaki da nakiya suna yin mako ba su canza ba in sun huce sarai kafin a rufe su. A yi su ranar 6 ko 7 ga wata, a ɓoye rabi inda yara ba su sani ba.

Kayan miya a markaɗa su ranar 8, a tafasa har ruwan ya tsotse, a soya da mai har ya taso sama. Wannan soyayyen tushen miya shi ne zai cece ki: daga shi za ki ɗebo ki yi dafa-duka, miyar taushe, miyar shinkafa, farfesu. In babu firji, ki ɗumama shi safe da yamma, kuma kada a sa masa jiƙaƙƙen cokali.

Mai son waina ko sinasir ranar Sallah ta jiƙa shinkafa da safiyar jajibere, a kai markaɗe da la'asar kafin layi ya yi tsawo. A zafin bazara ƙullu na saurin tashi, don haka ki rage yis, ki sa a roba mai zurfi, in ba haka ba ki tashi da asuba ki tarar da shi a ƙasa. Zoɓo da lemon citta a dafa a tace da daddare, sukari sai da safe. Kunun aya kuwa ba ya jure zafi ko kaɗan; in ba ki da sanyi tabbatacce, ki bar shi.

Ki tsara abincin kwanakin a takarda ki manna a madafa. Ba don ado ba, don duk mai son taya ki ta duba ta san abin da za a ɗora ba sai an tashe ki ba. Ki sa abinci mai sauƙi a tsakani. Bayan kwana biyu ana cin maiƙo, tuwo da miyar kuka ko ɗanwake sun fi wata shinkafar daraja a wurin kowa.

8. Jajibere da isowa

Yawancin baƙi ranar 8 ko 9 suke isowa, kuma ranar 9 ita ce Arfa, da yawansu da azumi a bakinsu. Ki tanadi buɗa-baki: dabino, kunu, ƙosai, ruwa mai sanyi, sannan tuwo. Wanda zai je tasha ya san wace tasha ce, kuma wayarsa da caji.

Da sun sauka, ruwan sha, sannan ki nuna musu ɗaki, banɗaki, buta da alƙibla da kanki. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wannan sa'ar ce ake ganin ta. Duk gajiyar da kika kwaso, ki ajiye ta a madafa kafin ki fito. Suruka ba a tambayar ta ko tana jin yunwa, "a'a" za ta ce. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, sannunku da hanya, ga ruwan wanka can an kai," ki ajiye kula a ɗakinta ki ja ƙofa. Ba za ta ci a gabanki ba. Ki bar mata filas ɗin ruwan zafi, kayan shayi da goro in tana ci, don kada ta buƙaci aike.

Tsarabar da suka kawo, ko kuka ce ƙulli ɗaya, ki karɓa hannu biyu, ki nuna wa maigida, kuma ki yi amfani da ita suna nan.

Matan da suka ce za su taya ki aiki ki ba su. Ƙanwar miji da aka hana shiga madafa ba hutu take gani ba, wariya take gani. Wannan ta yanka albasa, waccan ta kula da wankan yara, 'yan mata wanke-wanke, samari ɗiban ruwa da shara. Abu biyu ne kawai ba a sakin su: makullin sito da ludayin rabo.

9. Ranar Sallah da aikin nama

Wanka a fara shi tun kafin asuba, yara da farko, a sa musu kaya a ƙarshe. A Babbar Sallah an fi so mutum ya jinkirta cin abinci har a sauko daga idi, don haka manya ba za su dame ki da karin kumallo ba. Yara da masu shan magani a ba su shayi da burodi. Ke kuma tuwo da miya su kasance a kula kafin a sauko.

Mahauci maigida ya kama shi tun saura kwanaki, a yi ciniki a gama. Ladansa kuɗi ne, ba a biyan sa da naman layya ko fatarta. In an ba shi nama, kyauta ce. A haƙa rami inda jini da dattin tumbi za su shiga a binne, kada a tura su kwata, gida cike da baƙi ƙuda ya mamaye shi.

Kayan ciki su ne farko, don su ke saurin lalacewa. A wanke, a tafasa, a soya ko a yi farfesu a ranar. Hanta a gasa a kai wa manya. Mun saba a rataye sauran naman ya kwana ya sha iska sai washegari a yanyanka, to amma wannan sai inda iska ke ratsawa, a inuwa, nesa da kyanwa. In daren ya yi zafi ƙwarai kuma ba firiza, kada ki yi caca da shi: a yanyanka da yamma a sulala da gishiri, albasa da kayan ƙamshi, suya da safe. Wata hanyar ita ce ta mutanen Nijar, da ke banƙare ragon a jikin itace su jera a gefen wuta ya gasu a hankali tun ranar.

Rabon sadaka da na maƙwabta a fitar da shi tun naman yana ɗanye, a aiki yara da shi, kafin a fara "ɗanɗana mana". Wajen suya a bar naman ya soyu har ya daina kumfa, a tsane a kwando, ya huce sarai. Wanda aka rufe da ɗumi a leda ko roba, kwana biyu zai yi fumfuna. Kwali mai tsafta ko kwando da aka lulluɓe da ƙyalle ya fi. Kai da ƙafa a babbake da itace, ba da taya ko roba ba.

Kaskon suya a kafa shi a lungu, a tare hanya da benci ko turmi, a sa babba ɗaya da ba shi da wani aiki sai korar yara. Gidan da yara goma ke guje-guje da mai yana tafasa a ƙasa, ƙiftawar ido ta isa. In tsautsayi ya faɗa, a zuba ruwa mai sanyi a wurin na kusan minti 20, a tafi asibiti. Ba a shafa man goge baki, ƙwai ko manja.

Nama kuma a riƙa ba yara da awo. Gudawar Sallah daga nan take. In ta zo kuma hodar kemis ta ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In yaro ya ƙi sha, ko yana ta amai, ko ya yi laushi, asibiti.

10. Fita da yara

Baƙin da suka zo Kano za su so ganin hawa: Hawan Daushe washegarin Sallah da yamma, Hawan Nasarawa kashegarinsa da safe. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan, don haka a saurari sanarwa a rediyo kafin a yi wa yara alkawari. In babu, ga gidan zu, ga ziyarar dangi. Kowane ƙaramin yaro a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, a damƙa shi hannun babba ɗaya takamaimai, a kuma dawo kafin magariba. Sa'o'in da suka fita su ne naki: ki share, ki cika butoci, ki kwanta ko na awa ɗaya ne.

11. Sallama

Daren da za su tafi ki ƙulla tsaraba: soyayyen nama, cincin, yaji, ɗan turmin atamfa ko sabulu ga dattijuwa in da hali. Ki ware naman tsaraba tun ranar suya, in ba haka ba ki buɗe kwali ki tarar da ƙashi. Kuɗin mota maigida ne ke bayarwa, a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Kafin mota ta tashi a bi ɗakuna da igiyar shanya, a duba caja, takalman yara da maganin Hajiya. A raka su tasha, da yamma a kira a ji saukarsu.

Wanda ya zarce kwanakin da aka yi tsammani, kada ki canza masa fuska ko ki rage masa kwano. Hadisi ya nuna liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, don haka ba laifi ki koma girkin gida na yau da kullum. In har sai an yi magana, dangin maigida shi zai yi musu, naki ke za ki yi.

Kayan aro a mayar da su cikin kwana biyu. Katifa a shanya ta tukuna, tukunya da kasko a goge baƙin gindinsu da toka, abin da ya fashe a saya sabo kafin mai shi ta tambaya. Kuma ba a mayar da tukunyar maƙwabciya wayam. Ki sa ɗan nama da cincin a ciki.